Injin rotari na Mazda RX-8: yadda yake nuna gajiya kafin ya buga

Tambaya: Ina da Mazda RX-8 ƙirar 2005 mai giyar hannu, ta ci kilomita wajen 140,000. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma idan na yi tafiya na tsaya shan mai na kashe ta, sai kik ya yi ta juyawa kafin ta kama. Tana cin baƙin mai, wani lokaci kuma fitilar inji takan yi ƙyafce-ƙyafce idan na taka totur. Bakanikena ya ce ringi ne. Injin ya kusa bugawa ne? Waɗanne alamu zan riƙa lura da su?

Amsa: Malam, fara da gaya wa bakanikenka, cikin ladabi, cewa motar nan ba ta da ringi irin wanda ya sani, don ba ta da fistin ko ɗaya. Ba ta da bawul, ba ta da tof silinda, ba ta da gaskit ɗin da aka saba ƙonawa. Injin da ke cikinta, wanda Mazda ta sa wa suna Renesis, jikan ƙirar Bajamushen nan Felix Wankel ne, kuma RX-8 ta fito da shi daga 2003 zuwa 2012. A cikinsa akwai rota biyu, kowace mai fuska uku kamar dutsen murhu da aka goge, tana juyawa cikin gida na alminiyon mai siffar gyaɗa. Kowace fuska ɗaki ce mai zaman kanta: ta ja iska da fetur, ta matse, wuta ta kama, ta fitar da hayaƙi. Abin da ke raba ɗaki da ɗaki siririn ƙarfe ne a kan kowane tsini na rotar, kaurinsa milimita biyu, wanda masu kayan gyara ke kira afes sil. Mu kira shi sil ɗin tsini. Akwai kuma sil ɗin gefe, da na kusurwa, da zoben tare mai, da robobin da ke tsare ruwan lagireto tsakanin sassa biyar da aka jera aka ɗaure da dogayen kusoshi. Duk mutuwar injin nan tana komawa ga ɗaya daga cikin waɗannan.

Alamar da ka kawo ta farko ita ce mafi nauyi, kuma saɓanin abin da aka saba ne. Injin fistin da ya tsufa da safe yake ba da wahala. Rotari da ya gaji da safe lafiya lau yake, sai ya yi zafi yake tona asirin kansa. Dalilin shi ne, idan inji na sanyi ƙarafunsa a tsuke suke, baƙin man da ya kwana a jikin sil-sil ɗin yana da kauri, yana toshe ƙananan ramukan da matsi zai bi ya zurare. Da zafi ya ratsa, gidan alminiyon ya buɗe, mai ya tsinke ya zama kamar ruwa, sai giɓin ya bayyana. Ƙari a kan haka, a lokacin da kik ke juya inji babu abin da ke danna sil ɗin tsini a jikin bango sai ɗan sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa, wanda shekaru da zafi suka riga suka sanyaya masa gwiwa. Idan inji ya ɗauki gudu kuwa, ƙarfin juyin da kansa ke wurga sil ɗin waje ya manne da bango. Shi ya sa motar da injinta ya kusa ƙarewa za ta iya yi maka gudu a babban titi har ka rantse sabuwa ce, amma ta kunyata ka a gidan mai. Kada gudun ya ruɗe ka.

Gwada ta da agogo, kada ka bar abin a kan zato. Yi tafiyar minti ashirin har ta yi zafi sosai, kashe ta, jira minti biyar, tayar, ƙirga daƙiƙoƙi. Sake yi bayan minti goma sha biyar, lokacin da zafi ya gama ratsa komai tunda ruwa ya daina zagayawa. Lafiyayyen inji yana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Idan ana kaiwa huɗu ko biyar, ko sai ka taɓa totur, ko sai ka buɗe bonet ka jira ta huce, to akwai magana. Rubuta sakamakon da kwanan wata, ka sake yi bayan wata guda. Yadda lokacin ke ƙaruwa ya fi adadin rana ɗaya ba da labari. 'Yar'uwar wannan alama ita ce mutuwa a silo: ka taho da gudu, ka taka kuloci a danja, allurar juyi ta faɗo ƙasa da inda ta saba tsayawa, wajen 800, ta yi rawa, injin ya mutu, musamman in na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Idan wahalar tashi da zafi ta haɗu da mutuwa a silo da zafi, zargi ya yi ƙarfi a kan matsi.

Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Kusan duk abin da na lissafa, wuta mai rauni ma tana kawo shi, ita kuwa gyaranta bai kai kashi ɗaya cikin goma na wahalar sauke inji ba. Kowace rota fulogi biyu gare ta: na ƙasa mai harafin L, shi ke fara kunna wuta, da na sama mai harafin T da ke biyo baya. Na asali NGK ne, RE7C-L a ƙasa, RE9B-T a sama, kuma ba a musanya musu rami. Kwayil huɗu ne, kowane da wayarsa. A injin fistin fulogi sau ɗaya yake tartsatsi a juyi biyu na karanshaf. A nan kowane juyi sai ya yi, ga inji da ke kaiwa juyi 9,000 a minti. Wato kwayil ɗaya kan yi tartsatsi sau 150 a daƙiƙa guda idan an kai ƙarshe. Ba mamaki suke saurin gajiya. Masu sanin motar ba sa jira su mutu, suna canja kwayil da fulogi da wayoyi gaba ɗaya a wajen kilomita 50,000. Idan ba ka san ranar da aka canja naka ba, ɗauka ba a taɓa canjawa ba. Kwance kwayil ɗin ka duba ƙasansu: farin tabo kamar na ƙuna alama ce ta zafin da suka sha, ko da yake hukunci na gaskiya sai an gwada ƙarfin tartsatsin da abin gwajin wuta.

Fitilar inji da ka ce tana ƙyaftawa, ma'anarta misin ne, wato fetur ya kasa kama wuta a ɗakin ƙuna, a daidai wannan lokacin, kuma mai tsananin da zai iya cutar da salansa. Sa na'urar karanta kwamfutar mota. P0301 rotar gaba ce ke misin, P0302 ta baya, P0300 kuma ba a tantance wace ba. Wannan ita ce hanyar da ƙaramin ciwo ke bi ya zama ajali, don haka bari in bi ta daki-daki. Kwayil ya yi rauni, fetur bai ƙone a ɗaki ba. Wannan ɗanyen fetur yana wanke ɗan man da ke shafe bangon gidan rota, sil ya koma gogar busasshen ƙarfe. Ragowar ya wuce salansa, ya tarar da saƙar zumar nan mai tace hayaƙi da makanikanmu ke kira indomi, ya kama da wuta a cikinta. Ta narke, ta toshe. Hayaƙi ya rasa hanyar fita, zafi ya dawo baya. A Renesis kuwa ƙofofin fitar hayaƙi a gefe suke, a jikin farantan ƙarfe, daidai inda sil ɗin gefe ke wucewa, sai sifirin ɗinsu ya dahu ya saki. Kwayil ɗin da aka ƙi saya ya ci inji ke nan.

Toshewar indomi tana da nata alamu. Mota za ta ja lafiya a ƙasa, amma daga juyi dubu biyar ko shida sai ka ji kamar an riƙe mata wuya. Ƙasan motar wajen giya ya riƙa zafi fiye da kima, wani lokaci ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kwamfuta ta ba da P0420. Da daddare bayan tafiya leƙa ƙasa, idan tukunyar ta yi ja kamar garwashi kada ka ƙara tuƙa ta. Kwance ta a haska tocila cikin saƙar, gani ya kori ji. Wanda ya fasa indomin ya zubar bai warkar da komai ba in bai gyara wutar da ta narkar da ita ba, ya dai cire mai ba da shaida ne.

Sai kik da batir. Matsin injin rotari ya dogara ƙwarai da saurin da aka juya shi, fiye da yadda yake a injin fistin. Motocin shekarun farko sun zo da kik mai nawa, daga baya Mazda ta sauya shi da mai sauri. Taka ta 2005 tana iya kasancewa da tsohon. Na'urar karanta kwamfuta za ta nuna maka juyin inji lokacin da kik ke aiki. Idan yana ƙasa da 220 ko wajen haka, duba batir, goge kawunansa da wayar da ta sauka jikin bodi, sannan ka yi tunanin kik. Sai dai ka sani, sabon kik mai sauri yana ɓoye raunin matsi ne, ba ya maido da shi. Dabara ce ta sayen lokaci, kuma masu sayar da mota sun san ta sarai. Akwai kuma sensa a gaban inji kusa da fuli mai karanta juyin shaf ɗin tsakiya, wanda ke madadin karanshaf a wannan injin. Maganaɗisu ne a bakinta, tana tara garin ƙarfe har ta riƙa ba kwamfuta labarin ƙarya. Goge ta da tsumma, sannan ka kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka taka birki sau ashirin cikin daƙiƙa takwas. Allurar gejin matsin baƙin mai za ta motsa ta dawo, alamar kwamfuta ta manta tsohon karatu.

Idan an gyara wuta, batir da kik sun cika, indomi a buɗe take, amma har yanzu tana jan ƙafa da zafi, lokacin awon matsi ya yi, kuma shi kaɗai ne alƙali. A nan ake yawan cutar masu motar. Gejin da bakanike ke ɗaura wa injin fistin yana riƙe adadi mafi girma ne kawai. A rotari, fuska uku ke bi ta ramin fulogi ɗaya, don haka fuska ɗaya mai lafiya za ta rufa wa biyu matattu asiri. Awo na gaskiya adadi shida yake bayarwa, uku na rotar gaba, uku na ta baya, tare da saurin juyin da aka yi awon a kansa. Duk wanda ya ba ka adadi ɗaya ko biyu bai auna maka komai ba. Ana yin awon inji na da zafi, batir a cike, an yanke fetur da wuta, an cire fulogi ɗaya na kowace rota, totur a ƙasa. Ma'aunin Mazda, a juyi 250 a minti, shi ne kilofaskal 830 ga lafiyayyen inji, wato 8.5 a gejin kilogiram, ko 120 a gejin fam. Mafi ƙarancin da aka yarda da shi 680 ne, wato 6.9, ko kusan fam 99. Bambanci tsakanin fuskokin rota ɗaya kada ya wuce kilofaskal 150, tsakanin rota da rota kuma kada ya wuce 100.

Dole a daidaita adadin da sauri. Bakwai da aka samu a gejin kilogiram a juyi 290 ba bakwai ba ne, in aka maido shi kan 250 ya faɗi ƙasa da iyaka. Shida da rabi a juyi 210 kuwa yana iya zama inji mai sauran rai da batir mai ciwo. Tudu ma yana taɓawa: a Jos, da ke sama da teku da wajen mita 1,200, nauyin iska ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari, awon zai fito ƙasa da wanda motar za ta bayar a Legas ba tare da injin ya canja ba.

Yadda adadin suka jeru shi ke faɗin inda ciwon yake. Duka shida sun sauka tare, kusa da juna: tsufa ne na gaba ɗaya, sil sun cinye, bango ya goge. Fuska biyu a ƙasa ɗaya a sama: sil ɗin tsini guda ya karye ko ya maƙale, tunda shi ne katangar da ɗakuna biyu ke tarayya a kai. Fuska ɗaya kaɗai a ƙasa: sil ɗin gefe ne. Rota ɗaya duk ta faɗi warwas: wani abu ya fashe ya bi ya kankare gidan. Idan babu na'urar musamman a garinku, ana iya cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe iska a bakin gejin talaka, a ɗauki bidiyon allurar da waya, a kalla a hankali. Za ka ga bugu uku-uku. In sun yi daidai da juna babu sil ɗin da ya karye, in ɗaya na tsalle biyu na kwance ka ga amsarka. Wannan ba zai ba ka adadin da za ka dogara da shi ba, siffar ciwon kawai zai nuna. Kuma kada a zuba mai ta ramin fulogi kafin awo, yana ɗaga adadin na ƙarya.

Batun cin baƙin mai: wannan injin an gina shi ne ya ci. Akwai ɗan famfo da ke ɗibar man inji yana ɗiga shi cikin ɗakin ƙuna don ya shafe sil-sil ɗin, man kuma ya ƙone tare da fetur. Lita ɗaya a kilomita dubu biyu zuwa dubu huɗu ba abin tada hankali ba ne, mai yawan taka ta ma zai ga fiye da haka. Mazda da kanta ta ce a duba sandar awon mai duk bayan shan fetur na biyu. Abin tsoro shi ne akasin haka. RX-8 da ta yi kilomita dubu uku mai bai motsa daga inda yake ba, ko famfon ya tsaya, ko siraran tiyoyinsa sun toshe, ko nozul ɗin man sun mutu, sil na gudu a bushe. Irin taka nozul biyu ke ga kowace rota, suna jiƙa gefe da gefe, tsakiyar sil ɗin tsini ba ya samun isasshe. A ƙirar 2009 ne Mazda ta ƙara na uku a tsakiya, wanda ya isa shaida cewa ta ga matsalar. Shi ya sa masu ƙirar farko da yawa ke zuba man inji mai bugu biyu, irin mai kyau mai lambar JASO FD, cikin tankin fetur, wajen mililita 200 zuwa 250 a cikakken tanki na kusan lita 60. Ra'ayina yana tare da su ga motar da ta kai shekarun taka, da sharaɗin an san yana rage wa indomi kwana, kuma ba ya tayar da sil ɗin da ya riga ya cinye.

Launin hayaƙi na da amfani in an san lokacin da yake fita. Shuɗi mai yawa da safe bayan mota ta kwana, ko lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur bayan juyi mai yawa, zoben tare mai ne suka saki. Kafin ka yanke hukunci, buɗe tiyon iska tsakanin filta da totur. Idan an cika mai ya wuce layi, yakan bi ta bututun numfashi ya taru a nan, ya yi ta hayaƙi alhali injin lafiya. Baƙin hayaƙi da warin fetur na wuta ne ko nozul ɗin fetur mai yoyo. Fari mai kauri, mai ƙamshin zaƙi-zaƙi, da ba ya ɗaukewa bayan minti biyu ko uku, shi ne wanda ba a so.

Wannan ya kawo mu ga zafi, wanda shi ba ya jan lokaci kamar raunin matsi. Alminiyon da ƙarfen zubi ba sa buɗewa daidai da juna. Tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa gida ko ta dafa robar ruwa, daga nan ruwa ya sami hanyar shiga ɗakin ƙuna, hayaƙi kuma ya sami hanyar shiga lagireto. Alamun su ne ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, da safe ta tashi tana karkarwa a kan rota ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta ware, kumfa na tasowa a tankin ruwa ba ƙaƙƙautawa tun inji bai yi zafi ba, babban tiyon lagireto ya yi tauri kamar tayar keke jim kaɗan da tayarwa, ko tankin ya riƙa amai bayan tafiya. Tabbatarwa ba wuya. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin tankin, in hayaƙin inji na ciki sai ya koma rawaya. Ko a sa wa lagireto matsi da famfon gwaji a bar shi ya kwana, da safe a cire fulogin ƙasa a juya inji, in ruwa ya feso magana ta ƙare. Maganin toshe yoyo na kwalba ba ya riƙe wannan, sai dai ya toshe maka lagireto.

Kada ka dogara da allurar zafi ta dasbod. An yi ta ne ta zauna a tsakiya a kan faɗin zafi mai yawa, in ka ga ta motsa sama an riga an shiga haɗari. Gejin matsin mai na ƙirar farko ma kusan ado ne, ko akwai ko babu kawai yake nunawa. Sayi ƙaramar na'urar da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ta turo wa waya ainihin adadin. Tamostat na buɗewa a digiri 82, fanka ba ta tashi sai ruwa ya kai wajen 97. A tafiya ka so ganin tamanin da wani abu zuwa casa'in da 'yan kai. In ka ga 105 a gosulo, kashe na'urar sanyi, kunna hita, nemi gefen titi. Ga wanda ke tuƙa ta a zafin Maris da Afrilu na ƙasar Hausa, tazarar da ke tsakanin lafiya da ɓarna ƙarama ce ainun, kuma ƙurar hunturu tana like fuskar lagireto da na'urorin sanyaya mai da ke bayan bamba. A wanke su da ruwa mara ƙarfi. A tabbata faifan robar da ke ƙarƙashin inji yana nan, don shi ke tilasta iska ta bi ta lagireto maimakon ta zille ta ƙasa. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye ba ta dace da wannan injin ba: zai daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta yi ta ƙara fetur, gawayi ya taru. Ruwan rijiya ko na famfo zalla kuma yana cin ramin da robar ruwa ke kwance. Wani abu ɗaya: fitilar ƙarancin ruwa a RX-8 ta shahara da ƙarya, saboda ɗan abin da ke iyo cikin tankin yakan jiƙe ya nutse. Canja tankin ake yi, ba a sabawa da fitilar, don ranar da za ta faɗi gaskiya ba za ka saurare ta ba.

Shaƙewa da fetur kuma halin motar ne. Ka tayar da ita da sanyi, ka matsar da ita daga inuwa zuwa ƙofar gida, ka kashe, gobe ta ƙi tashi, kik na juyawa da sauƙi fiye da kullum kamar babu komai a ciki. Fetur ne ya wanke man da ke rufe giɓin sil. Danna totur har ƙasa ka riƙe, hakan na sa kwamfuta ta yanke fetur, juya kik na kamar daƙiƙa goma, huta ya huce, maimaita, sannan ka saki totur ka gwada. Sau ɗaya a shekara ba komai ba ne. Idan ya zama kowane wata, ko yana faruwa ko da ta yi zafi kafin a kashe, to wuta ko matsi ne ke magana.

Gawayi shi ne maƙiyin da lallaɓawa ke haifarwa. Motar da kullum ake bi da ita a hankali cikin gari, ba ta wuce juyi dubu uku, baƙin gawayi na taruwa a ramukan sil har su daina motsi. Ƙirar farko masu giyar atomatik mai hawa huɗu sun fi shan wannan wahala. Bawul ɗin hanyar iska da ke buɗewa a wajen juyi 3,750 shi ma yakan maƙale, ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ko mota ta yi jinkiri a daidai nan, kwamfuta ta ba da P2070. Wannan wankewa ake yi, ba sauke inji ba. Idan inji ya yi zafi sosai, wuta kuma lafiya, kai shi sama can kusa da jan layi a giya ta biyu ko ta uku sau ɗaya a tafiya yana taimaka masa. Da sanyi kuwa kada ka kuskura. Fetur mai ƙarancin inganci da ke sa inji ƙarar ƙwanƙwasa idan an taka shi abin gudu ne, don sil ɗin tsini ba ya jure irin wannan duka.

Ƙarar da ta fi muni ba ta da yawa amma ba ta da magani a waje: gurnani ko bugu mai nauyi daga tsakiyar inji da ke bin juyi. Beyarin ɗin shaf ne. Duk lokacin juyen mai, tara shi a faranti mai tsabta ka kai rana, yanka tsohuwar filta ka buɗe takardar. Ƙyalli mai launin jan ƙarfe yana nufin beyarin ya cinye har ƙasa. Juye ɗaya lita uku da rabi kawai yake fitarwa, kusan rabin man na zaune a na'urorin sanyaya shi da tiyoyinsu, ga fetur da ke tsinka shi, don haka kilomita 5,000 ya isa tazara. A yanayi mai zafi, masu gyaran rotari da dama sun fi son 10W-40 a kan 5W-20 da aka rubuta wa kasuwar Amurka. Girgiza a silo ita kaɗai kuwa, duba kujerun inji tukuna, suna yawan fashewa.

Idan awon matsi ya fito tsakanin 6.9 da 7.5 a gejin kilogiram kuma fuskokin sun yi daidai, motar za ta iya ci gaba da aiki, a sake awo bayan kilomita dubu goma. Idan ya sauka ƙasa da iyaka, shawarata a buɗe shi tun yana tashi da kansa. Injin da aka sauke saboda gajiya sau da yawa sil da sifirin da robobi da beyarin yake buƙata, rota da farantai su koma. Wanda aka bari har sil ɗin tsini ya karye, gutsuren ba ya samun hanyar fita da sauƙi tunda ƙofar hayaƙi a gefe take, sai ya yi ta zagayawa yana kankare rufin kurom na gidan yana sassaƙar rota, kuma gidan da ya kankaru ba a gyara shi, sabo ake saya. A Amurka sai da Mazda ta tsawaita garantin injin ƙirar 2004 zuwa 2008 zuwa shekara takwas ko mil 100,000, wato kilomita 160,000, ka ga taka tana cikin shekarun da ake sa ido. In za ka sayi injin Beljiyam maimakon gyara, kada ka biya sai an ɗaura masa kik a ƙasa an nuna maka adadi shida, kana sane cewa awon sanyi yakan fi na zafi kyau. Kuma ko wanne ka zaɓa, kada a ɗora shi a kan tsohuwar indomi da tsofaffin kwayil, a kuma wanke na'urorin sanyaya mai da tiyoyinsu, don garin ƙarfen tsohon injin yana nan kwance a cikinsu.